Ranar da odar motar Kawu ta yi shiru

Garin Gaya gari ne na hanya. Yana bakin kogin Isa, wanda waɗansu ke kira Kwara. In ka ƙetare kogin, ka shiga Malanbil, cikin ƙasar Benin. In ka yi gabas kaɗan, ka isa Kamba, cikin Nijeriya. In kuwa ka yi arewa, bayan kilomita kamar 150 sai ka shiga Doso. Saboda haka yaron Gaya, tun bai iya karatu ba, ya san muryoyin motoci. Ya san babbar muryar kamyo, ya san siririyar muryar babur.

Abin nan da mota ke kuka da shi, mu muna ce masa oda. Direbobin Nijeriya waɗansu su kan ce hon. A Faransanci kuwa ana cewa klaxon. Yara, dukanku kun san ƙarar oda. Amma wa ya taɓa tambaya me ke cikinta? Yau zan ba ku labarin wata oda da ta daina kuka, da yadda aka gano abin da ya same ta. Da idona na gani. Labarin kuma ya shafi wani yaro wanda ya zauna bisa benci irin wanda ku ke zaune a kai.

Abin da ya faru a hanya

Kawuna direba ne. Yana da tsohuwar mota ƙirar Toyota Hiace, irin wadda mu ke kira hiyas. Shekara da shekaru yana ɗaukar mutane tsakanin Gaya da Doso. Da ita ya ke ci da gidansa. Yaron motarsa, wato aparanti, ɗalibina ne a da. A hannuna ya yi aji 6. Mahaifinsa ya rasu, bai samu ci gaba da karatu ba. Ni na kama hannunsa na kai shi wurin Kawu, na ce: "Kawu, ga yaro mai hankali, ka riƙe shi." Ɗan abin da ya ke samu a mota, shi ya ke kai wa uwarsa da ƙannensa.

Wata ranar Juma'a, ƙarshen damina, suna dawowa daga Doso. Dawa ta yi tsawo a gefen hanya, ba ka ganin abin da ke bayanta. Kusa da Malgoru, Kawu ya hangi kan jaki yana fitowa daga wata ƴar hanya, yana jan amalanke, yara 2 suna bisa. Ya danna oda. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Sai ya taka birki da ƙarfinsa duka. Mota ta tsaya, saura taki kaɗan ta taɓa amalanken. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma fasinjoji sun yi karo da juna, ƙwaryar wata tsohuwa ta fashe. Daga nan har Gaya, yaron mota ne ya zama oda: ya fitar da kai ta taga, yana bugun ƙofa, yana cewa: "Hanya! Hanya!"

Da magariba sai ga yaron a ƙofar gidana. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi shiru. Na ce: "Lafiya?"

Ya ce: "Mushe, maigida ya ce kada in sake zuwa. Wai ni na kashe oda. Jiya na wanke mota a bakin kogi, ya ce na zuba mata ruwa."

Na ce: "Ka zuba?"

Ya ce: "Na wanke gaban mota kamar kullum. Ban san ko ruwa ya shiga ba."

Bayan sallar isha'i na tafi gidan Kawu. Muka gaisa, na tambayi iyali da gajiyar hanya. Sa'an nan na kawo maganar. Kawu ya ce: "Ɗana, bar wannan zance. Yau na kusa ɗaukar rai. Oda ta mutu, sabuwa zan saya, kuɗin kuwa daga ladan yaron za su fito."

Na ce: "Kawu, an buɗe an duba?"

Ya ce: "Me za a duba? Jiya ya wanke, yau ta yi shiru."

Na ce: "Gaskiya ne, Kawu. Amma zakara ya kan yi cara gari ya waye, ba kuwa carar ce ke fito da rana ba. Ina roƙon arziki, mu kai motar wurin mai gyaran wuta tukuna. In ya ce ruwa ne, ba ni da sauran magana."

Kawu ya yi shiru, can ya ce: "To, Allah ya kai mu gobe."

Yadda oda ke kuka

Kafin mu shiga gareji, ya kamata ku san abin da ke cikin oda.

A shekarar 1820, wani malami a ƙasar Danmak, mai suna Orsted, ya lura da wani abu. In wutar lantarki tana bin waya, aka kawo allurar nan mai nuna arewa kusa da wayar, sai allurar ta juya. Ashe wuta mai tafiya cikin waya tana da ƙarfin maganaɗisu. Daga baya aka gane cewa in an naɗa waya a jikin guntun ƙarfe aka sa mata wuta, ƙarfen ya kan zama maganaɗisu. In an yanke wutar, sai ya koma ƙarfe kawai.

To, wannan shi ne asirin oda. A cikinta akwai guntun ƙarfe da aka naɗe da waya. A gabansa akwai faifan ƙarfe marar kauri, kamar fata a bakin ganga. In wuta ta shiga, maganaɗisu ya jawo faifan. Da faifan ya motsa, sai ya raba waɗansu ƴan ƙarafa 2 da ke haɗe, wuta ta yanke. Maganaɗisu ya saki, faifai ya koma wurinsa, ƴan ƙarafan su sake haɗuwa, wuta ta dawo. Haka abin ya ke ta yi, ja, saki, ja, saki, sau 400 ko 500 cikin sakan 1. Makaɗi yana bugun ganga da hannu, fata ta yi rawa, mu ji kiɗa. A oda, wuta ce makaɗi.

Motocin farko ba su da irin wannan. Odarsu ta roba ce, ana matsa ta da hannu, kamar ta keke. A shekarar 1908 wani Ba'amurke, Miller Hutchison, ya fito da wata oda mai ƙara ƙwarai, aka sayar da ita da sunan Klaxon. Sunan haja ne, amma Faransawa suka riƙe shi, ya zama sunan kowace oda.

Wutar da oda ke sha daga batir ta ke fitowa. Batirin ƙaramar mota volt 12 ne. Manyan kamyoyi da yawa suna aiki da volt 24. Daga batir zuwa oda, wuta tana da zango-zango.

Zango na fari shi ne fis, wanda a Faransanci a ke kira fusible. Ɗan siririn ƙarfe ne cikin roba. In wuta ta yi yawa, shi ke narkewa, domin kada wayoyi su kama wuta.

Zango na biyu shi ne rile, a motocin da ke da shi. Ɗan akwati ne, bai kai kwalin ashana ba. Shi ke buɗe wa babbar wuta hanya. Amma ba ya buɗewa sai an aiko masa. Mai aikowa shi ne madannin da ke bisa sitiyari. In direba ya danna, wuta kaɗan ta je ta gaya wa rile, shi kuwa ya ce ƙas, ya saki babbar wuta ta bi waya ta tafi wurin oda.

Wannan hanya kamar hanyar kamyo ce daga Kwatano zuwa Yamai. A shekarar 2023 aka rufe iyaka, aka tare gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Kamyoyi suka yi dogon layi suna tsaye. Injinsu lafiya, tayoyinsu lafiya, direbobi suna nan. Wuri guda aka toshe, tafiya duka ta tsaya. Haka wuta ta ke. Ko'ina aka toshe mata, oda ba za ta yi kuka ba.

Akwai kuma wani hali na wuta da ya kamata ku riƙe da kyau. Ba ta barin batir sai tana da hanyar komawa. Batir kai 2 gare shi, ɗaya mai alamar +, ɗaya mai alamar –. Dole hanya ta zagayo daga wannan kai zuwa wancan. Masu ƙera mota ba su ja wa kowane abu waya 2 ba. Sun ɗaure kan batir mai alamar – a jikin motar. Jikin mota ƙarfe ne, shi ne hanyar komawa. Makanikai suna kiran wannan mas.

A gareji

Washegari Asabar ce, babu lakwal. Muka tafi mu 3: Kawu, da ni, da yaron. Mai gyaran wutar dattijo ne, kowa Baba ya ke ce masa. Garejinsa rumfa ce ƙarƙashin itacen mangwaro. Kawu ya ce: "Baba, oda ta mutu. Sabuwa na ke so ka sa mini."

Baba ya ce: "Wa ya gaya maka ta mutu?"

Kawu ya ce: "Ba ta kuka."

Baba ya yi dariya, ya ce: "Wanda ya yi shiru ba lalle ya mutu ba. Wataƙila abinci ne bai kai gare shi ba. Oda ita ce ta ƙarshe a layi. Bari mu fara daga gindi."

Na zaci zai ɗauko wata babbar na'ura. Sai ya sa hannu aljihu ya fito da ƙwan fitilar mota guda, an liƙa masa waya 2. Ya ce wannan ne idonsa. In ya taɓa waya ɗaya a jikin mota, ɗaya a wurin da ya ke tuhuma, fitila ta kama, to, wuta ta iso nan. In ba ta kama ba, wuta ba ta iso ba.

Tambaya ta 1: batir yana da ƙarfi? Baba ya ce wa Kawu ya kunna manyan fitilu. Suka kama tar. Ya ce ya tayar da mota. Ta tashi bugu ɗaya. Baba ya ce: "Batir ya fita daga zargi."

Tambaya ta 2: fis ya ƙone? Ya buɗe akwatin fis. Ga su jere, launi-launi, kowane da lamba a bayansa. Ja mai lamba 10 ne, shuɗi mai lamba 15. Lambar tana nuna yawan wutar da fis ke iya ɗauka kafin ya narke. Baba ya zaro na oda, ya ɗaga shi wajen haske. Ɗan ƙarfen yana nan bai tsinke ba. Bai yarda da ido kaɗai ba. Ya mayar da shi, ya taɓa fitilarsa a ƙafar nan, ta kama, ya taɓa a waccan, ta kama. Ya ce: "Fis ya fita."

Tambaya ta 3: madanni da rile suna aiki? Baba ya ce a kashe mota, kowa ya yi shiru. Ya kira yaron, ya ce: "Jikana, kunnenka ya fi nawa. Sa yatsa bisa wannan akwati, ka saurara." Kawu ya danna. Yaron ya ce: "Baba, ya ce ƙas!" Kawu ya saki. Yaron ya ce: "Ya sake cewa ƙas." Baba ya ce: "Madalla. Saƙo yana fita daga sitiyari, yana isa wurin rile."

Tambaya ta 4: wuta tana isa bakin oda? Odar motar guda ɗaya ce, tana can gaba, ƙasa-ƙasa, inda laka ke fantsama. Baba ya kwanta bisa kwali, ya zare wayar da ke shiga odar. Ya haɗa ta da fitilarsa, ɗaya wayar kuma ya taɓa wani wuri mai tsabta a jikin mota. Kawu ya danna. Fitila ta kama.

Nan Kawu ya ce: "Ka gani, Baba! Batir lafiya, fis lafiya, rile lafiya, wuta tana zuwa. Saura me? Oda ce ta sha ruwa." Na dubi yaron. Ya sunkuyar da kai, hannunsa yana rawa.

Baba ya ce: "Sannu dai, direba. Ba mu tambaye ta ba tukuna."

Tambaya ta 5: odar kanta tana da rai? Baba ya sa sifana zai kwance notin da ke riƙe da ita. Noti ya ƙi. Sai da ya ɗiga masa mai, ya jira, sa'an nan ya kwantu da ƙyar. Ya girgiza odar kusa da kunnensa, ya kifa ta. Ko ɗigon ruwa bai fito ba. Ya kai ta wurin wani batir da ke ajiye. Ya ɗaure waya ɗaya a ƙarfen jikinta, ya kai kan –. Ya ɗauki ta biyu daga kan +, ya taɓa bakinta. Sai oda ta ce ɓaaam! Kajin da ke kiwo gindin mangwaro suka watse. Kawu ya ja da baya.

To, yara, ku tsaya nan ku yi tunani kafin ku ci gaba da karatu. Wuta tana isa bakin oda. Oda kuma lafiyarta lau. Amma in tana jikin mota ba ta kuka. Me ya rage?

Tambaya ta 6: wuta tana da hanyar komawa? Baba ya nuna mana ƙarfen da a ke ɗaure odar a kai, da notin da ya kwance. Duka sun yi jawur da tsatsa, har ta yi ɓawo. Wannan oda waya ɗaya gare ta. Hanyar komawarta ita ce notin nan. Tsatsa kuwa ba ta barin wuta ta wuce sosai. Fitilar Baba ta kama domin ya taɓa ta a wuri mai tsabta. Oda ba ta samu wuri mai tsabta ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Baba ya ba yaron takarda mai yashi, ya ce: "Goge har ka ga fari." Yaron ya goge ƙarfen ya yi ƙyalli. Baba ya sa sabon noti, ya ɗaure tam, ya shafa girisi a kai domin kada ruwa ya sake zama. Ya mayar da waya. Kawu ya danna. Oda ta amsa da murya garau. Abin da aka saya duka noti guda ne.

Tsatsar kwana nawa?

Saura magana ɗaya, ita ce kuwa ta kawo ni. Na ce: "Baba, wankin shekaranjiya zai iya kawo wannan tsatsa?"

Baba ya ɗauki tsohon notin, ya miƙa wa Kawu. Ya ce: "Tsatsar kwana 2 sama-sama ta ke, yatsa ma yana goge ta. Dubi wannan, ta ci ƙarfe har zarensa ya lalace. Wannan aikin damina ne bayan damina." Gaskiyarsa. Ƙarfe yana tsatsa in ya daɗe yana haɗuwa da ruwa da iska. Ƙasar Gaya kuwa tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar duka. Motar da ke bin hanyoyinmu ta kan sha laka wata da watanni.

Sa'an nan Baba ya tambayi Kawu: "Kafin ta yi shiru, muryarta ba ta canza ba?"

Kawu ya yi jim. Ya ce: "Tun farkon damina ta dishe. Wani lokaci sai na danna sau 2 ta ke amsawa."

Baba ya ce: "To, ta daɗe tana gaya maka ba ta da lafiya."

Bai kuma ƙyale yaron haka ba. Ya ce masa: "Kai ma ka ji. Ruwa yana iya lalata oda in ya shiga cikinta. In kana wanki, kada ka watsa bokiti a bakinta. Amma wannan karo ba kai ba ne."

Kawu mutum ne mai zafi, amma ba ya ƙin gaskiya. Ya juya wajen yaron, a gabanmu duka, ya ce: "Na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini." Yaron ya durƙusa, ya ce: "Ba kome, maigida." Kawu ya ce: "Tashi ka ɗauko bokiti, fasinja suna jiranmu a tasha."

Kafin mu tafi na roƙi Baba ya gaya mini sauran cututtukan oda, na rubuta a ɗan littafina. Ga su. In fis ya ƙone, a sa wani mai lamba irin tasa. In sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta ɓare tana taɓa jikin mota, sai a neme ta. Kada a naɗa wa fis waya ko takardar taba mai ƙyalli, domin haka mota ke kama wuta. In an danna rile bai ce ƙas ba, a duba madanni, ko a gwada wani rile irinsa. In an haɗa oda da batir kai tsaye ba ta yi kuka ba, to, nan ne a ke cewa ciwon a cikinta ya ke. Ko a nan ma, waɗansu suna da ɗan noti a baya wanda a ke juyawa a gyara murya. In kuwa oda ta kama kuka ta ƙi tsayawa, a zare fis ɗinta, sa'an nan a nemi dalili.

Abin da na gani a wurin Baba

A makarantar horon malamai an koya mana cewa in za a binciki abu, a yi tambaya ɗaya, a gwada, a ga amsa, sa'an nan a wuce gaba. A rumfar Baba na ga ana aiki da wannan. Bai fara da abu mai tsada ba, ya fara da mai sauƙi. Bai tsallake zango ba. Bai kuma ce wane ne mai laifi ba sai da ya gwada kowa. Da an bi zato, da an sayi sabuwar oda an ɗaura ta bisa tsatsar nan. Ko ta yi kuka kwana kaɗan, ciwon yana nan. Yaro kuwa ya rasa aikinsa a banza, gidansu ya rasa abinci.

Wannan ba a mota kaɗai ya tsaya ba. In fitilar hannu ta ƙi kamawa, kada ku jefar. Ku duba batir, ku duba ƙwai, ku duba ɗan ƙarfen da ke gindi ko ya yi tsatsa. In lissafi ya ƙi fita, ku koma layi na fari ku biyo shi sannu. In alƙalaminku ya ɓace, kada ku ce na kusa da ku ne ya ɗauka domin kawai shi ne na kusa. Ku duba jaka tukuna.

Oda da mai tafiya a ƙasa

Me ya sa Kawu ya firgita haka? Ku yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin sakan 1. Ƙara kuwa tana tafiya mita 340 cikin sakan 1. Saboda haka muryar oda tana riga mota isa nesa ba kusa ba. Ita ke ba mai amalanke lokacin ja da jakinsa. Shi ya sa yarjejeniyar dokokin hanya da ƙasashe suka sa wa hannu a birnin Biyana a shekarar 1968 ta ce kowace mota ta kasance da oda. Ta kuma nuna amfaninta shi ne gargaɗi domin kauce wa haɗari. Ba abin wasa ba ce, ba kuma ta hana mutane barci ba ce.

Amma ku kada ku dogara ga oda. Kun dai ji, tana iya yin shiru ran da a ke bukatarta. Kafin ku ƙetare hanya, ku tsaya, ku dubi hagu, ku dubi dama, ku sake duban hagu. A Nijar da Benin motoci hannun dama su ke bi. Nijeriya ma ta koma hannun dama tun shekarar 1972. Saboda haka in kuna tafiya a bakin hanya, ku bi gefen hagu, domin ku riƙa ganin motar da ke zuwa gabanku. In kuna kora dabbobi ko amalanke daga gona, ɗaya ya fita bakin hanya ya duba tukuna.

Mu gwada a aji

Ku samo batirin fitilar hannu guda, da doguwar ƙusa, da siririyar waya mai riga, da ƴan allurai. Ku naɗa wayar a jikin ƙusa kamar sau 50. Ku feƙe bakin wayar 2. Ku taɓa ɗaya a kan batir, ɗaya a gindinsa. Ku kai ƙusar kusa da allurai, za ta ɗauke su. Ku ɗage waya ɗaya, yawancinsu za su zube. Kada ku daɗe kuna riƙe, domin waya tana yin zafi. Bayan haka ku haɗa batir da ƙwan fitilar hannu, ku sa guntun ƙarfe mai tsatsa a tsakiyar hanya. Ku duba hasken. Ku goge ƙarfen da yashi har ya yi fari, ku sake gwadawa. Ku rubuta abin da kuka gani.

Da batirin fitila kaɗai za ku yi wannan. Batirin mota ba na yara ba ne. Ruwan da ke cikinsa yana ƙona fata da tufafi, yana makantar da ido. In ƙarfe ya haɗa kawunansa 2, tartsatsi ya kan tashi, batir yana iya fashewa. In kuna son ganin yadda a ke gyara, ku je ku gaida mai gyara, ku nemi izini, ku tsaya gefe ku kalla.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa ne ke kusa da Gaya a Benin da Nijeriya?
2. Me ya sa Kawu ya zargi yaron mota?
3. Ku faɗi zangon da wuta ke bi daga batir zuwa oda.
4. Me ya sa fitilar Baba ta kama, amma oda ba ta yi kuka ba?
5. Yaya Baba ya gane tsatsar ba ta kwana 2 ba ce?
6. Mota tana gudun kilomita 60 a awa. Mita nawa za ta ci cikin sakan 3?
7. An taɓa zarginku da abin da ba ku yi ba? Ku rubuta labarin cikin layi 10.